MATSALAR ƘARKO A TANTANIN TANGARAN MAI TACE ISKAR OKSIJIN

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa masana kimiyyar tangaran tuwo a ƙwarya, watau matsalar ƙarkon tantanin da ake ware iskar oksijin da shi daga sauran iskoki. Abin da ake nufi da tangaran a nan shi ne duk wani abu da aka haɗa daga garin ma'adinai, aka siffanta shi, sa'an nan aka gasa shi da wuta mai tsanani har ya kame ya yi tauri. Tantani kuwa shi ne shinge siriri wanda ke tsakanin wurare biyu, yana barin wani abu ya wuce yana hana wani.

Kamar yadda aka sani, kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, kashi 78 kuma naitirojin. Masana'antu da yawa suna bukatar oksijin zalla, alal misali masu narka ƙarfe da gilashi, da masu juya iskar gas ta zama man inji, irin masana'antar Escravos ta Jihar Delta wadda ta fara aiki a shekarar 2014. Tun daga 1902, lokacin da Carl von Linde ya kafa injinsa a Jamus, babbar hanyar samun oksijin mai yawa ita ce a sanyaya iska har ta zama ruwa, a rarrabe ta, domin oksijin tana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, naitirojin kuwa a digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan hanya tabbatacciya ce, amma tana cin wutar lantarki ƙwarai. Saboda haka aka sa rai cewa tantanin tangaran zai rage wannan asara, musamman a masana'antun da dama can suna aiki da zafi mai yawa.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, siffofin da suke sa tantani ya tace oksijin da sauri su ne kuma suke gajarta masa kwana. Za mu fara da yadda yake aiki, mu bi hanyoyin da yake lalacewa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu duba dabarun da aka jarraba don magance su.

2.0 YADDA TANTANIN YAKE AIKI

Duk wanda ya san randa ko tulu ya san cewa ruwa yakan tsattsafo ta jikinsu, domin akwai ƙananan ƙofofi a cikin yumɓun da aka gasa. To, tantanin da muke magana a kansa ba haka yake ba. Shi ana gasa shi ne har ƙofofin nan su toshe ƙaf, ta yadda babu wata iska da za ta ratsa shi a matsayinta na iska. Oksijin tana wucewa ne ta cikin saƙar atam-atam ɗin da aka gina tangaran ɗin da su.

Ga yadda abin yake faruwa. A fuskar da iska take da matsi mai yawa, ƙwayar oksijin, wadda atam biyu ne a haɗe, takan sauka a kan tantanin, ta karɓi ilektiron huɗu, ta rabu gida biyu. Kowane ɓari ya zama ayon, watau atam mai ɗauke da caji. A cikin saƙar tangaran ɗin akwai guraben oksijin waɗanda ba kowa a cikinsu. Ayon ɗin sai ya riƙa tsallakawa daga wannan gurbi zuwa wancan har ya kai ɗaya fuskar, inda zai saki ilektiron ɗinsa, ya haɗu da ɗan'uwansa su koma iska. Su kuma ilektiron ɗin sai su juyo ta cikin jikin tangaran ɗin zuwa inda aka faro. Da yake gurbin daidai oksijin aka yi shi, naitirojin ba ta da hanya, shi ya sa muddin babu tsaga ko yoyo abin da zai fito oksijin ce tsantsa.

Wannan tsalle-tsalle ba ya yin sauri sai da zafi, galibi tsakanin digiri 800 zuwa 900. Bisa ƙa'idar Carl Wagner, yawan oksijin da ke wucewa yana ƙaruwa idan bambancin matsin oksijin tsakanin fuskokin biyu ya ƙaru, yana kuma ƙaruwa idan kaurin tantanin ya ragu. Ke nan abubuwa huɗu ake nema: zafi mai yawa, gurabe masu yawa, bambancin matsi mai yawa, da kauri kaɗan. Ya kamata mu riƙe waɗannan huɗu, domin kowanne daga cikinsu zai sake ɓullowa a matsayin sanadin lalacewa.

Dangane da tarihi kuwa, tun a ƙarshen ƙarni na 19 Walther Nernst ya nuna cewa tangaran ɗin zirkoniya da aka gauraya da itiriya yana ɗaukar lantarki idan ya yi zafi, daga baya aka tabbatar ayon ɗin oksijin ne ke tafiya a cikinsa. Sai dai zirkoniya ba ta barin ilektiron ya wuce sosai. Babban sauyi ya zo a 1985, lokacin da Teraoka da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa wasu tangaraye masu tsarin da ake kira ferobsikayit, waɗanda suka ƙunshi lantanam da sitirontiyam da kobalt da ƙarfe, suna barin ayon da ilektiron duka su wuce. A shekarar 2000 kuma Shao da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Dalian a ƙasar Sin suka fito da haɗin bariyam da sitirontiyam da kobalt da ƙarfe, wanda ake taƙaita sunansa da BSCF. Wannan haɗi yana cikin mafiya saurin tace oksijin da aka sani, kuma da shi za mu fi kafa misali.

3.0 HANYOYIN LALACEWA

3.1 Sauyawar Tsarin Ciki

Saurin tafiyar ayon ya dogara ne a kan tsarin saƙa mai kusurwoyi daidai wa daida, irin na ɗan akwati, wanda gurabensa suke warwatse ko'ina ba tare da wani jeri ba. Amma wannan tsari ba ya zama daram sai a wani iyakantaccen zafi. Haɗin sitirontiyam da kobalt da ƙarfe, wanda ya gabaci BSCF, idan zafi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 790 a wurin da oksijin ta yi ƙaranci, gurabensa sukan jeru layi-layi. Da zarar sun jeru, ayon ya rasa 'yancin tsallakawa ta kowace fuska, tacewa ta ragu ƙwarai, girman saƙar kuma ya sauya har tangaran ɗin ya iya tsagewa.

An sa bariyam ne a cikin BSCF don a hana wannan jeruwa, kuma an yi nasara. Sai wata matsala ta daban ta fito. Idan tantanin ya daɗe a ƙasa da kimanin digiri 850, wani sashe na kobalt yakan ƙara rasa ilektiron ya ƙanƙance, har ya kasa cika mazauninsa kusa da bariyam mai girman jiki. Sai saƙar ta fara komawa wani tsari mai kusurwa shida, wanda ba ya barin oksijin ta wuce sosai. Abin da ya ƙara munana al'amarin shi ne, sabon tsarin yakan fara tsirowa ne a kan iyakokin ƙwayoyin tangaran ɗin, watau daidai mashigar da ayon zai bi daga wata ƙwaya zuwa wata. Wannan sauyi a hankali yake tafiya, cikin ɗaruruwan sa'o'i ko dubbai, saboda haka gwajin kwana ɗaya ko biyu ba zai nuna shi ba.

3.2 Iskoki da Tururi Masu Cutarwa

Bariyam da sitirontiyam dangin kalsiyam ne, kuma kamar yadda kalsiyam yake haɗuwa da iskar kabon-dayoksaid ya zama farar ƙasa, haka su ma suke haɗuwa da ita su yi ɓawon kabonet a kan fuskar tantani. A 2007 Arnold da Wang da Feldhoff a Hannover ta Jamus sun bi da kabon-dayoksaid zalla ta bayan tantanin BSCF a zafin digiri 875, nan take tacewa ta tsaya cik. Da suka mayar da iskar hiliyam sai tacewar ta dawo, domin ɓawon yakan wargaje idan aka janye iskar da ta haddasa shi. Muhimmancin wannan sakamako shi ne, ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka tanadar wa tantanin shi ne ƙona gawayin ƙasa da oksijin zalla a tashoshin lantarki, don a sami hayaƙi mai sauƙin kamawa da adanawa. A irin wannan tasha, hayaƙin da za a so a share bayan tantanin da shi yawancinsa kabon-dayoksaid ne.

Hayaƙin farar wuta ya fi wannan haɗari. Ko kaɗan ne a cikin iska, yakan haɗu da bariyam da sitirontiyam ya yi salfet, wanda ya fi kabonet jure zafi, don haka ba ya wargajewa da sauƙi. Har ila yau akwai gubar da ke fitowa daga jikin injin kansa. Bututun ƙarfe mai jure zafi yana ɗauke da kuromiyam, wanda kan tashi kamar tururi idan iska mai zafi da laima ta bi ta kansa, ya sauka a kan tantanin ya haɗu da sitirontiyam. Haka nan silika daga gilashin liƙi ko daga kayan tare zafi. Duk waɗannan sukan rufe wuraren da ƙwayar oksijin take sauka ta rabu, kuma idan tantanin ya yi siriri ƙwarai, wannan mataki na kan fuska shi ne yake iyakance saurin aikin gaba ɗaya.

3.3 Kumburi da Tsagewa

Kowane abu yakan buɗe idan ya yi zafi, amma BSCF yana buɗewa kusan ninki biyu na zirkoniya, ya kuma zarce yawancin ƙarafan da ake haɗa shi da su. Bayan kumburin zafi akwai wani kumburi na biyu wanda ya keɓanta ga irin waɗannan tangaraye. Duk lokacin da oksijin ta fita daga saƙa ta bar gurbi, ilektiron ɗinta sukan koma kan kobalt ko ƙarfe, su kuwa idan suka karɓi ilektiron girmansu ƙaruwa yake yi. Saboda haka fuskar da ke da ƙarancin oksijin kullum tana son ta fi ɗaya fuskar faɗi, alhali kuwa jiki ɗaya ne. Sakamakon haka shi ne ja-in-ja a cikin jikin tantanin, ɓangare ɗaya a matse, ɗaya a ɗame.

Ƙarfe idan aka ja shi yakan miƙe kafin ya tsinke. Tangaran ba ya ba da irin wannan gargaɗi. Tun a 1921 Griffith ya bayyana cewa abu mai gautsi yana karyewa ne daga ƙaramin aibu mafi muni da ke jikinsa, ko kumfar iska ce ko ƙarzuwa, domin a bakin aibun nan nauyi yake taruwa. Wannan ne ya sa bututu ɗari da aka gasa a tanderu ɗaya ba za su zama da ƙarfi ɗaya ba, kuma injin da ya ƙunshi dubban bututu yana rataye ne a kan mafi rauninsu.

Matsalar ta fi tsanani a injin da ke juya iskar gas, inda fuska ɗaya take kallon iska ɗaya kuma take kallon misen da haidirojin, waɗanda ke zuƙe oksijin da ƙarfi. A 1995 Pei da abokan aikinsa a Amurka sun bayyana karaya iri biyu a bututun sitirontiyam da kobalt da ƙarfe da aka sa a wannan aiki. Ta farko takan auku jim kaɗan da fara aiki, saboda bambancin kumburi tsakanin ciki da waje. Ta biyu takan zo bayan kwanaki, lokacin da fuskar da ke kallon gas ta rasa oksijin har tsarinta ya ruguje, kobalt da ƙarfe suka rabu da shi. A nan ma kobalt, wanda sassaucin riƙonsa ga oksijin shi ne sirrin saurin tacewa, shi ne ya fara sallamawa.

3.4 Lotsewa da Ƙaurar Ma'adinai

Idan aka ɗora wa tangaran nauyi a cikin zafi mai tsanani na tsawon lokaci, yakan lotse a hankali ko da bai karye ba. Tantanin oksijin kuwa a ƙarƙashin nauyi yake kullum, domin a wasu injuna matsin iskar da ke kansa yakan kai ninki 15 zuwa 20 na matsin sararin duniya. Ma'aunin da injiniyoyi suka saba ambatawa shi ne kada lotsewar ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. BSCF yana da wuyar cika wannan sharaɗi idan zafi ya haura digiri 850. A nan za mu ga irin tsaka-mai-wuyar da ake ciki: a ƙasa da wannan zafi tsarin ciki yana sauyawa, a samansa kuma jiki yana lotsewa. Bututun da ya fara lotsewa ya daina zama da'ira, daga nan matsin waje sai ya ƙarasa murƙushe shi.

Akwai kuma ƙaurar ma'adinai. Bambancin matsin da ke tura oksijin zuwa fuska ɗaya yana tura atam-atam ɗin ma'adinan zuwa ɗaya fuskar, watau wajen da oksijin ta fi yawa. Tafiyarsu tana da nawa ƙwarai idan aka gwada da ta oksijin, amma ba da sauri ɗaya suke yin ta ba. Bayan dubban sa'o'i sai a tarar wani ma'adini ya taru a fuska ɗaya, wani an bar shi a baya, haɗin da aka auna da kyau tun farko ya ɓaci. Gwargwadon sirantar tantani, gwargwadon saurin wannan ɓaci.

3.5 Matsalar Liƙi

Tantani ba ya aiki shi kaɗai, dole a haɗa shi da jikin inji na ƙarfe ta yadda iska ba za ta yi yoyo ta mahaɗar ba. A ɗakin gwaji akan yi amfani da zoben zinariya ko na azurfa a tausasa shi da zafi, amma azurfa tana narkewa a digiri 962, kusa da zafin aiki, zinariya kuwa tsadarta ta hana a yi amfani da ita da yawa. Gilashin liƙi yana da araha, sai dai yakan yi cuɗanya da bariyam, ya kuma tsage idan aka yi ta hurawa ana kashewa. An kuma jarraba walda da azurfa mai gauraye da tsatsar jan ƙarfe. Kowace hanya aka bi, lokacin kunna inji da kashe shi ne ya fi haɗari, domin a lokacin ne ƙarfe da tangaran suke buɗewa ko tsukewa kowa da nasa gwargwado.

4.0 DABARUN DA AKA JARRABA

Dabara ta farko ita ce gyara haɗin. Idan aka musanya ɗan kaɗan daga kobalt ko ƙarfe da ma'adinan da cajinsu ba ya sauyawa da sauƙi, irin su itiriyam da zirkoniyam da niyobiyam, tsarin ɗan akwati yakan fi daɗewa. Wasu masana sun cire kobalt gaba ɗaya, wasu kuma sun koma ga haɗin lantanam da nikel wanda ba shi da bariyam ko sitirontiyam, don haka kabon-dayoksaid ba ta kama shi. A mafi yawan lokuta ƙarko ya ƙaru, amma saurin tacewa ya ragu.

Dabara ta biyu ita ce raba aiki tsakanin tangaraye biyu da aka cakuɗa, ɗaya ya ɗauki ayon ɗaya ya ɗauki ilektiron. A 2011 Luo da abokan aikinsa a Hannover sun nuna tantanin da ya ƙunshi kashi 60 na seriya mai gadoliniyam da kashi 40 na haɗin nikel da ƙarfe, wanda ya jure kabon-dayoksaid. Amma abin da yake tacewa bai kusanci na BSCF ba, kuma dole tangarayen biyu su dace da juna wajen kumburi, kada kuma su ci juna a wurin gashi.

Dabara ta uku ita ce mayar da abin da aka rasa ta hanyar rage kauri. Akan shimfiɗa tantani mai kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a kan madogari mai ƙofofi wanda zai ɗauki nauyi. Wannan ya ba da damar amfani da haɗi mai ƙarko ko da ba shi da sauri. Sai dai ƙofofin madogarin sukan rage gudun iska, sukan kuma tsuke a hankali saboda zafi.

Dabara ta huɗu ta shafi tsarin injin ne. Maimakon a share bayan tantani da hayaƙi, sai a zuƙe oksijin da famfo, ta yadda tantanin ba zai taɓa haɗuwa da kabon-dayoksaid ko farar wuta masu yawa ba. Wannan hanya aka bi da bututun BSCF a injin gwaji na Jami'ar Aachen da kuma a cibiyar Fraunhofer ta Hermsdorf, duka a Jamus.

5.0 DARASI DAGA GWAJIN MASANA'ANTU

Babban yunƙurin da aka yi na kai wannan fasaha kasuwa shi ne na kamfanin Air Products a Amurka, tare da kamfanin Ceramatec da tallafin Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar. Sun jera tantani masu siffar faifai a kan juna, kuma daga 2006 sun gudanar da injin gwaji mai fitar da tan 5 na oksijin a rana a Sparrows Point ta Jihar Maryland. Bayan haka aka shirya wani mai tan 100 a rana a Convent ta Jihar Louisiana. Duk da shekaru sama da ashirin da aka shafe, kafin ƙarshen shekarun 2010 an dakatar da shirin bai kai ga kasuwa ba.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Abokin takarar tantani shi ne injin sanyaya iska, wanda aka shafe fiye da shekara ɗari ana inganta shi, kuma yakan yi shekaru yana aiki ba tare da tsayawa mai tsawo ba. Mai masana'anta zai so tantanin da zai yi kamar shekara biyar, watau sa'o'i sama da 40,000, kafin a musanya shi. Yawancin gwaje-gwajen da ake bugawa kuwa na sa'o'i ɗari ne ko dubu kaɗan, a kan ɗan faifai guda, da iska mai tsabta. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

6.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa zafi da gurabe da bambancin matsi da siranta, waɗanda su ne ginshiƙan saurin tacewa, su ne kuma suke jawo lotsewa da kumburi da ƙaurar ma'adinai da tsagewa. Mun kuma ga cewa kobalt da bariyam da sitirontiyam, waɗanda suka ɗaukaka BSCF, su ne ƙofar da lalacewa take shigo masa. Saboda haka bai kamata a auna darajar tantani da abin da ya tace a ranar farko ba. Ma'aunin da ya dace shi ne jimillar oksijin da zai bayar a tsawon rayuwarsa, a cikin ainihin iskar da zai yi aiki da ita.

Bisa ga wannan, muna ba da shawarwari uku ga masu bincike. Na farko, duk rahoton saurin tacewa ya zo tare da bayanin yadda saurin ya ragu cikin dogon lokaci, da irin iskar da aka yi gwajin da ita. Na biyu, a riƙa gwada tantani tare da madogarinsa da abin liƙinsa da ƙarfen da zai zauna kusa da shi, a kuma riƙa kunnawa da kashewa sau da yawa. Na uku, a fara da zaɓen aikin da tantanin zai yi, sa'an nan a nemi haɗin da zai jure wannan aiki, ko da kuwa ba shi ne mafi sauri ba.